"Sabo turken wawa": zagi ne ko nasiha?

Auta Mai Tambaya:
Assalamu alaikum jama'a, ku raba mana gardama. Yau kwana huɗu Yayana ba ya amsa gaisuwata, kuma a kan burodi ne. Watan jiya likita ya ce sukarinsa ya hau, ya rage cin farin burodi. Ranar Asabar na shiga wurinsa da safe na tarar da rabin burodi a gabansa, yana gutsira yana sauraron labarai. Na ce, "Yaya, ba wannan aka ce ka rage ba?" Ya ce shekara arba'in yana ci bai mutu ba. Sai bakina ya suɓuce na ce sabo turken wawa. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya ce, "Wato ni ne wawan ke nan." Ya shige ɗaki. Matarsa ta ce in je in ba shi haƙuri, ni kuma na ce karin magana na yi, ban zage shi ba. To zagi ne?

Malam Na Gefe:
Wa alaikumus salam. Zagi ne mana, Auta. Da sa'anka ka faɗa wa, da sai a yi dariya a wuce. Amma daga ƙasa zuwa sama wannan maganar ba ta hawa. Shi kalma ɗaya ya ji a ciki, kuma ka san wacce.

Uwar Biyu:
Allah gafarta Malam, ni ban ga zagi ba. Ai ba mutum ake kira wawa ba, halin ake nuna wa yatsa. Duk wanda hujjarsa ita ce "na saba", an ɗaure shi. Kuma Yayan da bakinsa ya kawo hujjar. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Malam Na Gefe:
Hajiya, ya danganta da mai cewa a gyara, da kuma gaban wa ya faɗa. A gaban matarsa fa.

Ɗan Gidan Burodi:
Ni dai ku bar ɗora wa burodi laifi. Shekara goma sha biyu ina kwaɓa ƙullu, kullum sai wani ya ɓullo da sabuwar magana. A Jodan an tono ɓurɓushin burodi da aka gasa shekara 14,400 da suka wuce, tun kafin mutane su fara noma. Mutanen Masar da kalma ɗaya suke kiran burodi da rayuwa, "aish". Abin da ya riƙe duniya tsawon wannan lokaci, yau shi ne guba?

Anti Nas:
Ƙanena, ba wanda ya ce guba ne, amma wancan burodin da wanda kake gasawa suna kawai suka haɗa. Ƙwayar alkama kashi uku ce: dusar waje, ɗan idon da ke tsirowa, da farin ciki wanda kusan duk sitaci ne. Tun da injinan niƙa na ƙarfe suka bazu wajen 1870 zuwa 1880, raba su ya zama abu mai sauƙi, sai a fitar da dusar da idon a bar farin, saboda ya fi laushi ya kuma fi daɗewa bai lalace ba. Ƙwayar da ba a niƙe ta lukui ba kuwa, sitacinta a hankali yake narkewa. A 1981 David Jenkins na Jami'ar Toronto ya fito da ma'aunin yadda abinci ke ɗaga sukarin jini. In aka ba gulukos zalla maki 100, farin burodi yana wajen 75, sukarin da muke zubawa da cokali yana wajen 65. Wanda bai yarda ba ya gutsiri burodi ya yi ta taunawa kada ya haɗiye, zai ji zaƙi ya fara fitowa, yawu ne ya soma mayar da sitacin sukari tun a baki. Ga gishiri kuma, wanda ba a jin sa: kusan giram 1 a kowane giram 100, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 a yini. Mai lafiya da ke motsa jiki, yanka biyu ba abin damuwa ba ne. Mai ciwon sukari da rabin burodi a zama ɗaya, wannan wata magana ce.

Sarkin Zolaya:
Anti, burodin yanzu ma ina sitacin? Iska ce zalla. Ka matse shi ya koma kamar alƙawarin ɗan takara bayan an rantsar da shi.

Ɗan Gidan Burodi:
Yis ne, ba iska ba.

Sarkin Zolaya:
To su ma yis suke sha lokacin kamfe, shi ya sa suke kumbura. Kuma in ana maganar turke, ku duba wanda ya saba da kujera. Shi igiyar ma da kansa yake sayowa.

Jikar Kaka:
Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya jiƙanta, don ita ta sa na daina faɗin wannan karin maganar.

Kakanmu ya rasu ya bar ta da yara biyar, babanmu ne babba. Baba ya ce akwai shekarun da abin da za ta iya ajiye musu da safe shi ne burodi ɗaya. Takan auna da yatsu ta yanka gida biyar, ita kuma ta ɗauki ɗan ƙarshen nan mai tauri ta ce shi ta fi so. Sai da Baba ya girma ya gane ba so ba ne.

Ta haura saba'in aka ce tana da ciwon sukari da hawan jini. Baba ya tara mu ya kafa doka, burodi ba zai ƙara shiga ɗakin Kaka ba. Ba ta ce uffan ba. Wata uku muna murna Kaka ta bi doka, amma duk awon da aka yi sukarin yana nan inda yake. Ni nake share ɗakinta. Wata rana na ga layin tururuwa ya fito daga ƙarƙashin ƙofa, ya bi gefen bango, ya hau ƙafar gado, ya shige cikin akwatin da take ajiye likkafaninta. Na buɗe. Burodi ne naɗe cikin tsohon ɗankwali, an gutsire shi kaɗan kaɗan, kuma ta ɓangaren ƙarshen nan mai tauri ta fara. Ƙanena mai shekara takwas ne ɗan aiken.

Baba ya shigo ransa a ɓace, ya faɗi irin abin da Auta ya faɗa, kalma da kalma. Kaka ta dube shi ta ce, "Lokacin da kowa ya juya mini baya, shi ya tsaya mini na raine ku. Yau kai za ka shigo ka ce mini maƙiyi ne?" Sannan ta tuna masa da wata akuya da suka taɓa yi, wadda ta shekara da shekaru a turke ɗaya. Igiyar ta ruɓe, turken ma aka cire aka yi makamashi da shi, amma kullum yamma sai ta koma daidai wurin ta kwanta. Yara suna mata dariya. Kaka ta ce, "Ku kuke ganin wauta. Ita ta san a nan inuwa take sauka."

Baba bai sake magana ba. Daga baya likitar da ke duba ta ta ce a bar mata yanka ɗaya na mai dusa, ta ci da ƙwai, kada ta ci shi kaɗai. Ta karɓa, amma har ta rasu tana cewa wannan abincin kaji ne.

Uwar Biyu:
Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ta huta. Kin sa ni hawaye. Amma 'yar'uwa, sukarin nan dai bai sauka ba sai da aka canza, ko?

Jikar Kaka:
Amin. Ya ɗan sauka. Amma a lokacin aka canza mata magani, to ban san wanne ya yi aikin ba.

Malam Na Gefe:
Kun ji ko. Turke ba ɗaurewa kaɗai yake yi ba, yana hana ɓata. Dabbar da ba ta da turke ita ke kwana a gonar mutane. Wataƙila ma wanda ya fara faɗin maganar tausayin wawan yake ji, yana cewa a bar masa sabonsa don shi kaɗai ke riƙe da shi.

Uwar Biyu:
Haba Malam, wannan fassarar yau ka ƙera ta.

Ɗalibi Har Gobe:
Masana halayyar ɗan Adam sun yi magana a kai. Jack Brehm a 1966 ya nuna cewa in mutum ya ji ana ƙoƙarin ƙwace masa zaɓi, sai abin da aka hana shi ya ƙara masa daraja. Abinci kuma ya fi komai, don sau uku a yini kake yanke hukunci a kansa. Wanda ya ce abincinka ba shi da kyau, kamar ya ce kullum sau uku kana kuskure ne, kuma wadda ta saba maka da shi ma ta yi kuskure.

Sarkin Zolaya:
Sai da Bature ya faɗa a 1966 ka yarda? Duk wanda ya taɓa hana yaro taɓa fitila ya san wannan.

Ɗan Gidan Burodi:
Tunda ana kawo bincike, Anti ta faɗi na 2017 mana. A Cibiyar Weizmann, wata cibiyar binciken kimiyya a Isra'ila, an ba mutum 20 farin burodi mako guda, aka ba su na alkama mai dusa da tsami mako guda. Da aka haɗa lissafi ba a ga wani bambanci ba. Wasu ma farin ne ya fi yi musu sauƙi a jini.

Anti Nas:
Gaskiya ne, kuma ban ɓoye ba. Amma mutum 20 ne masu lafiya, na mako ɗaya. Zan ma ƙara maka: mai dusar da aka niƙa lukui yana ɗaga sukari kusan daidai da farin, amfaninsa a ƙoshi da hanji yake. Wani kuma launi kawai aka zuba masa ya yi ruwan ƙasa, sai an karanta jikin leda. Yayan Auta yana da na'urar awo a gida? Ya auna kafin ya ci, ya sake aunawa bayan awa biyu. Ya bar jininsa ya yi masa magana, tunda na ƙaninsa ba ya shiga.

Sarkin Zolaya:
Masu cewa mu ɗaure ciki su a jirgi ake kai su awon sukari. Mu da muka ɗaure, burodin ma sai a hoto.

Malam Na Gefe:
Har yanzu ba a amsa wa yaron nan ba. Ni dai na ce ya je ya durƙusa.

Uwar Biyu:
Ya durƙusa a kan lafazi, kada ya janye maganar.

Auta Mai Tambaya:
Na gode jama'a. Yanzun nan Yaya ya kira, bai ambaci komai ba. Cewa ya yi in zan zo gobe in taho masa da burodi. Wanne zan saya?

Ɗan Gidan Burodi:
Mai zafi.

Anti Nas:
Ƙarami.

Sarkin Zolaya:
Ni tambayata ga Jikar Kaka ce. Ina aka kwana da akuyar?

Jikar Kaka:
Sayar da ita aka yi shekarar da Baba zai shiga sakandare. Sau biyu tana tsinke igiya tana dawowa.