Shawarwari kan manhajojin kyauta a ofis da shago

Masu shagunan buga takardu, ma'aikatan ƙaramar hukuma da malaman makaranta a yankin Ringim sun tattauna kan manhajojin da ba a biya musu lasisi, waɗanda kowa ke iya duba yadda aka rubuta su, har ya gyara.

Bakinsu ya zo ɗaya cewa kada a sauya komai lokaci guda. A fara girka LibreOffice, manhajar rubutu da lissafi ta kyauta, kusa da Word, sakatare ya saba da shi wajen wasiƙu da jadawalin albashi. Sai dai takardar Word mai tebura da yawa takan karkace idan an buɗe ta da LibreOffice, don haka duk abin da za a aika Dutse a mayar da shi PDF. Tsohuwar kwamfuta mai Windows 10, wanda Microsoft ya daina tallafa wa a Oktoban 2025, Linux Mint, tsarin tafiyar da kwamfuta na kyauta da ake sakawa a madadin Windows, zai iya farfaɗo da ita. Amma a gwada ko firinta za ta yi aiki da shi kafin a goge komai. Nan masu shago suka fi ɗar-ɗar, kuma da gaskiyarsu, firintar ce abincinsu.

Wani ma'aikacin lafiya ya tunatar cewa DHIS2, inda ake shigar da alƙaluman asibitocin Najeriya, irin wannan manhajar ce, daga Jami'ar Oslo. Ashe gwamnati ta daɗe da fara amfani da su.

An ja batun kuɗi sosai. Mai koyarwa da mai gyara dole a biya su, kuɗin lasisin a karkatar da shi can. Tsadar data kuwa, mutum ɗaya ya sauke a filash, saura su kwafa.