Dafa maganin Kampo a gida: yaya kuke yin naku?

Baban Yara: Assalamu alaikum 'yan uwa. Masu karɓar maganin gargajiyar Japan, wato Kampo, ba garin da ke cikin 'yar jaka ba, ainihin saiwoyi da ɓawo da ake dafawa, ku zo mu haɗa abin da muka sani. Ƙa'idar da masu harhaɗa magani ke bayarwa ita ce: ƙunshin yini ɗaya a ruwa mililita 600, a ɗora tun ruwan yana da sanyi. Da ya tafasa a rage wuta, ya yi minti 30 zuwa 40 har ya dawo rabi. A tace, a raba biyu ko uku, a sha da ɗumi kafin abinci ko awa biyu bayansa. Ina matsala ta fi fitowa?

Maman Biyu: Wa alaikumus salam. A wuta ne, Malam. Idan ta yi yawa ruwan zai dawo rabi cikin minti 15, mutum ya ɗauka ya gama, alhali saiwa mai tauri irin shakuyaku ba ta saki komai ba. Lokacin ake bi, sannan a daidaita wutar da shi: ruwan ya riƙa motsi a hankali, ba ya tsalle. In ruwa ya kusa ƙarewa kafin lokaci, a ƙara ruwan zafi. In kuwa ya kama har ya yi ƙauri, zubarwa ake yi, ƙarin ruwa ba ya gyara shi. Kuma a tace nan take da zafinsa, don idan aka bar tuƙar a ciki tana sake tsotse abin da ta saki.

Mai Harhaɗawa: Gaskiya ne Hajiya. A kula da tukunya ma. Ta ƙasa da Japanawa ke kira dobin ita ce ta asali, domin zafinta na tashi sannu. Gilashi mai jure wuta ko tukunya mai rufin tangaran duk sun yi. Ta baƙin ƙarfe da ta tagulla ne ba a so: sinadarin tanin da ke cikin kirfa da saiwar daio (rhubarb) yana haɗuwa da ƙarfe, ruwan ya yi baƙi.

Abin da na fi so a gane shi ne ba kowane haɗi ake zubawa gaba ɗaya ba. Masu tauri kamar sekko, wanda dutse ne, da borei, ɓawon wata dabbar teku mai suna kawa, ana iya cewa a fara dafa su kafin sauran. Masu ƙamshi irin hakka, wato na'ana'a, da soyo, sai a minti 5 zuwa 10 na ƙarshe, in ba haka ba man da ke cikinsu ya bi tururi. Chotoko, reshen wani tsiro mai ƙaya kamar ƙugiya, ma haka. Daio idan ya daɗe a wuta ƙarfinsa na sa bayan gida yana raguwa. Akyo, wato danƙon fatar dabba, da bosho, wani irin gishiri, da maɗin da ke cikin haɗin shokenchuto, ba a dafa su, bayan an tace ake narkar da su a ruwan mai zafi. Bushi kuma akasin haka ne. Saiwa ce mai dafi, ko da an sarrafa ta, kuma doguwar dahuwa ce ke karya dafin. Don Allah kada wanda ke da bushi a haɗinsa ya rage ko minti ɗaya. In harshe ko leɓe ya fara mutuwa bayan sha, a dakata a nemi likita.

Ɗalibin Magani: Yaya, batun murfi fa? Ni abin da na ga ya fi shi ne a karkace shi kaɗan. A rufe ruf ruwa ba ya raguwa, kumfa kuma ta yi ambaliya.

A littafin Shokanron na Zhang Zhongjing, wanda aka rubuta a China wajen shekara ta 200, an ce a haɗin kakkonto a fara dafa tsiron mao (ephedra) da saiwar kakkon, a kwashe farar kumfa, sannan a zuba sauran biyar ɗin: taiso (magaryar China), kirfa, shakuyaku, kanzo (wata saiwa mai zaƙi) da citta. Yau galibi tare ake zuba su a Japan. Japanawa kuma sun bambanta da China: awon Japan ƙarami ne, an yayyanka shi ƙanana, kuma sau ɗaya ake dafawa, ba sau biyu ba.

Maman Biyu: A karkace ɗin nan shi ne daidai, ƙanena. Ragowar maganin a sa a firji, a ɗumama kafin sha, kada ya wuce awa 24. Amma mai tashin zuciya, irin masu shan haɗin shohangekabukuryoto saboda laulayi, da sanyi ya fi shiga, kurɓi kaɗan kaɗan. Haɗin keishito kuwa bayan an sha ake bin sa da ruwan fate na shinkafa mai zafi, kamar kunu, a lulluɓa har gumi ya ɗan tsattsafo.

Mai Harhaɗawa: Ruwan Japan mai laushi ne, da shi aka tsara awon nan, don haka mai zartsi bai dace ba. Sannan mai hawan jini ko ciwon zuciya ya faɗa wa likita kafin a ba shi haɗi mai mao, yana sa bugun zuciya da rashin barci. Kanzo ma, in an haɗa magani biyu da ke ɗauke da shi, yana kumbura ƙafa ya rage sinadarin potasiyam a jini.