Trump ko Kamala: Harajin Wa Ya Fi Tausayin Talaka?

Direban Bronx: Salamu alaikum mutanen gida. Ni dai na gama shawara, a zaɓen shugaban Amurka na ranar 5 ga Nuwamba 2024 Trump zan dangwala wa. Tun watan Yuni ya faɗa a Las Vegas cewa zai cire haraji a kan tukuici, daga baya ya ƙara da na obataim. Kamala kuwa ba ta da magana sai ƙari. Wanda ya rage maka haraji shi ne mai tausayinka.

Nas: Yaya, ai ita ma ta yi alkawarin tukuicin a watan Agusta, a garin da ya yi nasa. Kuma ta ce duk wanda bai kai dala 400,000 a shekara ba, ba za a ƙara masa ko sisi ba. Tsakaninka da Allah, tasin nan taka ta taɓa kawo maka rabin haka?

Direban Bronx: Allah ya kawo, ƙanwata. Amma kar ki raina tukuici. Jiya wata tsohuwa da na kai filin jirgi ta ƙara min dala 15, kuma da kati ta biya, babu halin ɓoyewa.

Malam Akanta: Bari in sa baki, tunda duk watan Maris takardunku a teburina suke kwana. Direba, abin da ke cin ka ba harajin kuɗin shiga ba ne. A bana, 2024, dala 14,600 na farko ba a taɓa su ga wanda ba shi da aure, sannan a soma da kashi 10 cikin ɗari. Abin da ke sa ka dafe kai shi ne kashi 15.3 na fansho da inshorar lafiyar tsofaffi, wanda mai aikin kansa ke biya shi kaɗai. Kuma ga inda gizo ke saƙar: ɓangaren fansho a bana yana tsayawa ne a dala 168,600 na abin da ka samu. Kai ana yankar ka har dalar ƙarshe, mai albashin miliyan kuwa tun watan Maris an gama da shi.

Alhaji Mai Shago: Duk ku bar wannan dogon lissafi. Adalci shi ne kowa ya biya kaso ɗaya. Don me za a ce wani ya biya kashi 10, wani 37? Don ya tashi da asuba ya nema? Kashi 1 cikin ɗari na masu kuɗin ƙasar nan su ke biyan wajen kashi 40 na harajin kuɗin shiga. Ku dubi zakka mana: biyu da rabi cikin ɗari, attajiri da matsakaici duk ɗaya.

Baba Tsohon Malami: Alhaji, ka ɗauko zakka amma ka riƙe ta ta wutsiya. Zakka tana da nisabi, wanda bai kai ba ba ya bayarwa, shi ake ba ma. Kuma gonar da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya cikin goma, wadda aka yi wa ban ruwa da wahala ɗaya cikin ashirin. Ka ga an duba gumi ke nan. Mu da muka ga haraji da jangali a Kano mun san abin da ake kira "kowa ɗaya". Ana ɗora wa kowane baligi, ko damina ta yi kyau ko ba ta yi ba. Na ga magidanci ya ja akuyar matarsa kasuwa don kada a ɗaure shi a ƙofar dagaci. Da Abubakar Rimi ya soke su a 1979, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna, har guɗa aka yi a ƙauyuka.

Alhaji Mai Shago: Allah ya ja kwana Baba, na karɓi gyara a kan nisabi. Amma kamfanoni fa? Trump ya sauke harajinsu daga kashi 35 zuwa 21 a 2017, yanzu yana cewa 15 ga masu ƙera kaya a cikin gida. Kamala kuma 28 take so. In ka matsa wa mai kamfani, ma'aikaci zai sallama.

Nas: Alhaji, ka lura da wani abu a dokar 2017 ɗin? Ragin kamfanoni na dindindin aka yi, namu na masu albashi kuwa aka sa masa wa'adin ƙarshen 2025. Ni kwana nake a tsaye a asibiti, kafin albashina ya shigo hannuna an riga an yanke.

Malam Akanta: Nan ne ainihin rigimar. Kuɗin gumi ana iya cire masa har kashi 37. Ribar hannun jari da aka riƙe fiye da shekara kuwa iyakarta 20, sai ƙarin 3.8. In ma mutum bai sayar ba, babu abin da za a karɓa, ya mutu ya bar wa 'ya'yansa an shafe tsohuwar ribar. Hamshaƙin attajirin nan Warren Buffett da kansa ya rubuta a 2011 cewa kashi 17.4 ya biya, ƙasa da kowa a ofishinsa. Kamala tana so ta kai wancan 20 ɗin zuwa 28 ga masu samun miliyan ɗaya zuwa sama. Ban ce zai magance komai ba, amma aƙalla ta taɓa inda ciwon yake.

Direban Bronx: To ai Trump ya ce China ce za ta biya. Kashi 60 a kan kayanta, 10 zuwa 20 a kan na sauran ƙasashe.

Malam Akanta: Alhaji Mai Shago, kai ne mai shigo da kaya, ka ba shi amsa.

Alhaji Mai Shago: Kai Malam, ka kama ni. Gaskiya ɗaya ce, kwastam ni suke miƙa wa takarda, ba ɗan China ba. Tukunyar da nake sayarwa dala 40, in kuɗin fito ya hau ba daga aljihuna zan cike ba. Haka aka yi da injin wanki a 2018, farashi ne ya tashi.

Nas: Wato a cire wa Yaya haraji a kan dala 15 ta tsohuwa, a karɓe a wurin taya da batir.

Alhaji Mai Shago: Amma a faɗi gaskiya duka. Dala 6,000 da Kamala ta yi wa mai jariri alkawari, da 25,000 na mai sayen gidan farko, daga ina za su fito? Ƙasar nan bashin da ke kanta ya haura dala tiriliyan 35. Su biyun duk da kuɗin jikokinmu suke kyauta.

Malam Akanta: Wannan kam ba zan musa ba. Sai dai a tuna, harajin kuɗin shiga sai majalisa ta yarda, kuɗin fito kuwa shugaban ƙasa yana iya ɗora wani ɓangarensa da alƙalaminsa. Tukuicin yana iya maƙalewa a majalisa, na tukunyar ba zai jira kowa ba.

Direban Bronx: Ni dai ban sauka daga kan bakana ba tukuna. Malam, ran Asabar bayan la'asar zan kawo maka takardun bara, ka lissafa min duka biyun in gani da idona.

Malam Akanta: Ka taho da rasit ɗin tayoyin da ka saya.