Zan sauya furosesa zuwa Ryzen 7 5800X: yaya ake ɗaura masa fanka ba tare da ɓarna ba?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Kwamfutar da nake aiki da ita a gida tana ɗauke da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) Ryzen 5 2600 a kan babban allo na B450, kuma na sayi Ryzen 7 5800X domin in maye gurbinsa. Sabon bai zo da fanka a kwalinsa ba, saboda haka na sayi na'urar sanyaya mai tsayi daban. Ina roƙon masana su bayyana mini yadda zan cire tsohuwar in ɗaura sabuwar, domin kuɗin da na kashe ba na wasa ba ne.

Mai gyara daga Kaduna:
Wa alaikumus salam. Malam, kafin ka taɓa sukuru ko ɗaya, ka sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin babban allo wadda ke tayar da kwamfuta, tun tsohon furosesan yana ciki, domin allunan B450 da yawa ba sa gane jerin Ryzen 5000, wanda 5800X ke cikinsa, sai an yi hakan.

Babban haɗarin yana wajen cire tsohuwar fanka. A soket ɗin AM4, wato gurbin da furosesa ke zama a allon naka, ƙafafun suna jikin furosesan ne, kuma idan man isar da zafi da ke tsakaninsa da fankar ya bushe, yakan manne su har mutum ya fizgo su tare, ƙafafun su lanƙwashe. Maganin wannan shi ne ka bar kwamfutar ta yi aiki na wasu mintoci domin man ya yi laushi, sannan ka kashe ta, ka zare wayarta daga bango, ka danna maɓallin kunnawa don ragowar wutar ta fita. Bayan ka kwance sukurori, ka murɗa fankar hagu da dama a hankali har ta saki da kanta, kada ka ja ta sama da ƙarfi. Ka kuma kwantar da akwatin kwamfutar a kan tebur, ka lura da farantin ƙarfen da ke bayan allon, domin yawancin na'urorin sanyaya a kansa ake ɗaure su.

Wata ɗalibar injiniya:
Ƙari a kan bayanin mai gyara, ka duba ƙasan sabuwar na'urar da kyau, saboda akwai siririyar leda da ake liƙawa a wurin, kuma mantawa da ita na daga cikin kurakuran da aka fi yi. Idan ta zo da man a shafe, kada ka ƙara wani. Idan ba ta zo da shi ba, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar masara a tsakiya ya wadatar, matsin na'urar ne zai baza shi. Sukurorin kuma kada ka ƙure ɗaya kafin sauran. Ka riƙa juya kowanne kaɗan-kaɗan, kana tsallakawa zuwa wanda ke fuskantarsa, har su tsaya duka.

Dattijon zaure:
Abin da ban ga an ambata ba shi ne wutar da ke taruwa a jikin mutum, wadda ta fi yawa a lokacin hunturu saboda bushewar iska. Ɗana, ka riƙa taɓa ƙarfen akwatin kafin ka ɗauki furosesan, ka riƙe shi ta gefe, kuma kada ka yi aikin a kan kafet. Wayar fankar a ramin da aka rubuta CPU_FAN za ka sa ta, ba wani ba. Da ka kunna, ka shiga BIOS ka tabbatar fankar tana juyawa. 5800X mai watt 105 ne, yana da zafi fiye da tsohon naka mai watt 65, kuma iyakar zafinsa digiri 90 ne a ma'aunin Celsius. Idan ka ga ya doshi wannan adadi alhali ba ya wani aiki, ka kashe nan take ka sake ɗaura na'urar da sabon mai.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na auna faɗin akwatin, kuma na'urar za ta shiga har murfin ya rufe. Zan fara da sabunta BIOS ɗin yau da daddare.