Neman shawara: yadda zan auna ƙarancin ruwa da na abinci a binciken lafiyar uwa da yaro

Wata ɗalibar digiri na biyu:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina shirya bincike kan yadda ƙarancin ruwa da na abinci a gida ke shafar masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyu. A takardar tambayoyina na sa tambaya ɗaya tak kan ruwa: "Daga ina kuke samun ruwan sha?" Mai duba aikina ya ce ba ta isa ba. Me zan ƙara, kuma me zan auna a jikin uwa da yaro? Allah Ya saka da alheri.

Wani malamin lafiyar al'umma:
Wa alaikumus salam. Gaskiyar malaminki ce. Gida zai iya samun famfo a tsakar gida amma ya yi kwana huɗu bai kawo ba, ke kuwa kin rubuta cewa suna da ruwa mai kyau. Ki nemi HWISE, ma'aunin ƙarancin ruwa a gida da aka wallafa a 2019. Tambayoyi 12 ne kan makonni huɗu da suka wuce: damuwa kan ruwa, yankewarsa, kasa wanki, kasa wanka, kasa wanke hannu bayan an taɓa ƙazanta, sauya abin da za a dafa, kwana da ƙishirwa, fushi, jin kunya da sauransu. Wanda bai taɓa faruwa ba maki 0, sau 1 zuwa 2 maki 1, sau 3 zuwa 10 maki 2, fiye da haka maki 3. Jimilla 36 ce, gidan da ya kai 12 ana lissafa shi cikin masu ƙarancin ruwa. Kada ki cire tambayar jin kunya don tana da nauyi a baki, da zarar kin taɓa ɗaya iyakar 12 ɗin ta daina aiki. Ki ƙara tambayar lokacin ɗibar ruwa, zuwa da dawowa har da layi. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF minti 30 suka sa iyaka.

Ɗalibar:
Na gode Malam. A ma'aunin ƙarancin abinci fa, FIES zan ɗauka ko HFIAS?

Malamin:
FIES na FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, tambayoyi 8 ne, yawanci kan watanni 12. HFIAS 9 ne kan makonni huɗu. Tunda za ki haɗa da na ruwa, ki ɗauki HFIAS domin lokacin ya zo ɗaya. In kin tambayi mace ruwan wata guda da abincin shekara guda, ba za ki iya gwada su da juna ba.

Wata ma'aikaciyar abinci mai gina jiki:
Ƙanwata, awon jiki ne inda aiki ya fi lalacewa. Yaro ɗan ƙasa da shekara biyu a kwance ake auna tsawonsa, mutum biyu, ɗaya ya riƙe kai ɗaya ya danne gwiwoyi. In aka auna shi a tsaye sai an ƙara santimita 0.7. Ki riƙa gwada sikeli kowace safiya da abin da kika san nauyinsa. Shekarun yaro kuma ki duba katin rigakafi, domin kuskuren wata biyu ya isa ya sa lafiyayyen jariri cikin tsumburarru.

Awon damtse daga wata 6 yake farawa, a hannun hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da santimita 11.5, wato ja a kan tef ɗin awon, tamowa ce mai tsanani, 11.5 zuwa ƙasa da 12.5 matsakaiciya. Ki danna bayan ƙafafu biyu da babban yatsa daƙiƙa uku, in rami ya zauna a duka biyun kumburin tamowa ne ko da damtsen ya yi kyau. Ga mai ciki, ki auna sinadarin haemoglobin na jini, ƙasa da giram 11 a desilita ƙarancin jini ne, sai dai a watanni uku na tsakiyar ciki iyakar 10.5 ce. Nauyinta kaɗai zai ruɗe ki saboda cikin, damtse ya fi. Gudawa kuma ki fayyace: kashi mai ruwa sau uku ko fiye a yini da dare, cikin makonni biyu da suka wuce. Jariri mai shan nono zalla kashinsa dama ruwa-ruwa ne, ki tambayi uwar ko ya sauya daga yadda ta saba gani.

Wani mai gwajin ruwa:
In kuɗin binciken ya kai, ki ɗebi mililita 100 daga mazubin da ake sha a gida, da kofin da suke sha da shi, a nemi E. coli, ƙwayar da ke nuna kashi ya gurɓata ruwan. Ruwa kan fito da tsabta daga tushe ya gurɓace a wurin ajiya. Kwalba marar ƙwayar cuta, cikin ƙanƙara, ta isa ɗakin gwaji cikin awa shida.

Malamin:
Abu biyu suka rage. Zagaye ɗaya ba zai ba ki damar cewa rashin ruwa ne ya jawo tamowa ba, domin talauci kan jawo duka biyun. Ki tattara bayanin dukiyar gida, ilimin uwa da irin banɗakin da suke amfani da shi. In da hali ki koma gidajen nan sau biyu, da rani da damina.

Na biyun ya fi muhimmanci a wurina. Kafin ki shiga gida na farko ki shirya da asibitin da za ki tura marasa lafiya, ki rubuta shi a takardar neman izinin kwamitin ɗa'a. Yaron da damtsensa ya faɗa ja, ko mai cikin da jininta ya gaza giram 7, ranar nan za a kai su, ba sai kin gama tattara bayanai ba.