Abin da masu Fijo 504 suka ce a duba kafin a saya

Na tattaro shawarwarin da kanikawa da masu tsofaffin motoci suka bayar kan Fijo 504, motar da ta fito a Faransa a 1968 aka fara haɗa ta a Kaduna a 1975, har yau in ka ga mai lafiya sai ka tsaya kallo wallahi.

Kusan kowa tsatsa ya fara ambata. Suka ce kar ƙyallin fenti ya ruɗe ka, ɗaga kafet ka duba ƙasa, ka leƙa cikin but da gindin ƙofofi, ka manna maganaɗisu a bodi, duk inda ya ƙi kamawa to ciko aka yi aka shafe da fenti. An ɗan yi gardama kan sabon fenti, ni dai ina bayan masu cewa a bar mata na asali ko ya koɗe, da kujerunta da sitiyarinta.

Inji kuma a tayar da shi da safe yana sanyi, shuɗin hayaƙi na nufin yana shan baƙin mai. Kafireto da lagireto ba abin tsoro ba ne, ana gyarawa. Fitilu da ƙarafan ado na asali su ne wahalar samu, sai an bi kasuwar Panteka ta Kaduna ko ta Ƙofar Ruwa a Kano da haƙuri.