Rabin fuloti a Ikorodu: ina tsakar gida za ta zauna?

Baban Sadiƙ, Mile 12

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 19 ina haya a Ketu, bana Allah Ya hore mini rabin fuloti a Ikorodu, ƙafa 60 da 60. Tun kafin a sa hannu na gama gina gidan a raina: zaure a bakin titi, ɗakuna a jere jikin katanga, tsakar gida a tsakiya, kamar gidanmu na Funtuwa. Na zana a bayan rasit na kai wa mai zanen gini. Ya duba ya yi murmushi, ya ce Alhaji, wannan ba za a buga masa hatimi a Legas ba. Wai sai na bar mita 6 a gaba, mita 3 a baya, mita 3 kowane gefe. Muka buga lissafi: filin mita 18 ne da 18, abin da ya rage 12 da 9. Cikin murabba'in mita 324 da na biya, 108 kaɗai zan ɗora wa bulo. Kashi ɗaya cikin uku ke nan! Mu tara ne, har da Hajiyarmu da nake son ɗaukowa. Waɗanda suka riga mu gini a garin nan, yaya kuka yi?

Alhaji na Agege

Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya albarka, ƙanina. Abin da ya same ka ya same ni a Alagbado. Mu a gida ɗakuna ne ke zagaye fili, su nan fili ne ke zagaye ɗakuna. Duk rigimar ke nan. Tsakar gidanka ba ɓata ta yi ba, yanka ta aka yi siri-siri aka zagaye gidan da ita, ta zama lungu huɗu da babu wanda za ka shimfiɗa tabarma a cikinsa ka miƙe ƙafa.

Nawa cikakken fuloti ne, 60 da 120, don haka na samu sarari. Ga abin da na yi. Mita ukun baya ƙaramin mizani ne, ba wanda ya hana ka ƙarawa. Na rage tsawon ginin na bar mita bakwai a baya. Sannan na sa ƙaramar ƙofa a kowane lungun gefe, daidai kusurwar ginin. Baƙo ya shigo get, iyakarsa gaba, inda mota take. Daga ƙofofin nan zuwa baya na iyali ne. Sunan jikata biyu aka yi a wurin, tukwane uku a kan murhu, maza suna gaba ba su ga ko ɗankwali ba. Kai da ke da 60 da 60 ba za ka samu bakwai ba, amma ko mita ɗaya ka ƙara a baya za ka gode mini.

Maman Hanifa, Igando

Baba Alhaji ya yi gaskiya, amma akwai abin da maza ba sa gani sai an tare. Mu ma mun bar fili a baya, muka yi katanga mai tsawo, na ce alhamdu lillahi. Shekara ɗaya maƙwabcinmu ya tayar da bene hawa biyu, tagogin masu hayarsa duk suna kallon inda nake wanke-wanke. Katanga ba ta kare ki daga sama. Na koma sa hijabi a bayan ɗakina kamar mai zuwa kasuwa, sai da muka kafa rumfar kwano a rabin wurin.

Baban Sadiƙ, ka ba matarka zanen nan ta duba kafin ya je ko'ina. Maigidana wata biyu yana jayayya a kan faɗin falon baƙi, kicin kuwa aka manna shi a gaba, ba ƙofar baya. Duk mai kawo gawayi ko buhun shinkafa sai ya ratsa falo. Kuma ku zauna ku raba wurin sokawe, wato ramin da ruwan banɗaki ke shiga, da na rijiyar burtsatse tun a takarda, ɗaya gaba ɗaya baya. A ƙaramin fili in aka yi sakaci sai su zama maƙwabtan juna, ruwan da za ku sha ke nan.

Ɗan Zazzau, mai aikin safiyo

Yaya, ka fara da godiya, an yanka maka rabinka a kwance. Na auna wa wani bawan Allah rabin fuloti da aka tsaga a tsaye, ƙafa 30 da 120. Faɗinsa mita 9. Cire uku nan, cire uku can, saura uku. Tsawon ga shi har ya yi yawa, amma faɗin na kwantena ne. Kuɗi ɗaya, girma ɗaya, gida ba ɗaya ba.

Tambayata ita ce, an duba matsayin filin kuwa? Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna, kuma a Legas akwai manyan yankuna da gwamnati ta riƙe. Wasu an yanke an mayar wa ƙauyukan, an buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, wasu kuwa an ware su ne don titi ko wani aiki, waɗannan ko ka gina ba za su zama naka ba. Ka ɗauki lambobin duwatsun iyakarka a duba su a ofishin Babban Safiyo da ke Alausa. In mai filin yana da takardar mallaka, sayenka bai kammala ba sai da amincewar gwamna.

Bayan nan hukuma biyu ce. LASPPPA ke ba da izinin gini, LASBCA ke bin aikin mataki-mataki har ta ba da shaidar gidan ya isa a zauna. Za su nemi takardar fili, taswirar safiyo, zanen da ke da hatimin mai zane mai rajista, na injiniya, da shaidar biyan haraji. Wannan ta ƙarshen ita ke kama 'yan kasuwarmu, sai ka fara nemanta tun yanzu.

Sarkin Yawa

Ni fa ban gane wannan wahalar ba. Layinmu kaf babu mai takarda, kowa ya gina har bakin kwata, shekara nawa ba abin da ya faru. Ka sallami omonile kawai, 'yan asalin wurin nan masu karɓar kuɗi a hannun mai gini, ka zuba fandishonka.

Malam na Ojo

Sarkin Yawa, da bakinka na yi magana shekarun baya. Bari in ba ka nawa.

Ina da izini, gidan zama, komai daidai. Da aka gama na dubi mita shidan nan na gaba na ce wannan asara ce. Na jera shago uku a jikin katanga suna kallon titi, na ce hayarsu ta riƙa biyan makarantar yara. Gefe ɗaya kuma na yi ɗan wurin salla da rufi. Shekara huɗu lafiya lau. Wata Talata ina kasuwa aka kira ni, an zo an shafa jan fenti, an manna takarda. Laifi biyu: na yi gini a filin da aka ce a bari, kuma na mayar da gidan zama wurin kasuwanci ba tare da neman canji ba. Na yi zirga-zirga har takalmi ya gaji. Ƙarshenta da hannuna na nemo yara suka rushe, don in tsira da kwano da ƙofofi. Mai ɗinkin da ke shago na tsakiya ta biya shekara, sai da na mayar mata.

Ba na zargin kowa, da idona na ga zanen da na sa wa hannu. Abin da ya fi ƙona mini rai, da tun farko na faɗa wa mai zanen ina son shago, da ya gaya mini ko unguwar ta yarda ko ba ta yarda ba. Kunya ta hana ni, kada ya ƙara kuɗi.

Omonile kuwa, an yi dokar hana su tun 2016, amma ni sun zo ranar fandisho, sun dawo ranar rufi. Kuɗin da ka ba su ba ya zama takarda.

Baban Ikram, Owode

Nawa gajere ne. Na sayi fili a watan Janairu, ƙasa busasshiya kamar ta Gusau. Yuli na yi na je da ma'aikata, sai da muka naɗe wando. Mu da ke kusa da kogin Ogun, in aka saki ruwan madatsar Oyan ba sai an yi ruwan sama a unguwarku ba. Kuɗin da na tara na kai gini linta, ciko da fandisho suka cinye, don injiniya ya ce sai an zuba kankare shimfiɗa guda a ƙasan gidan duka. Ikorodu akwai tudu akwai fadama. Tunda dole bene za ka yi, a gwada ƙasar kafin a zana, kada a zana sannan a gwada. Ka ɗaga kai kuma ka duba ko babbar wayar wuta ta bi ta kusa, ka tambayi tsofaffin unguwa ko bututun mai ya ratsa. Wanda ya ga gobarar bututun mai ta Ijegun a 2008 ba sai an yi masa bayani ba.

Maman Hanifa, Igando

In bene ne, ɗakin Hajiya a ƙasa, da banɗakinta a ciki. Surukata wata shida ta yi a sama ba ta sauko ba saboda gwiwa.

Baban Sadiƙ, Mile 12

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ɗan Zazzau, an duba, filin yana cikin wanda aka mayar wa ƙauyen. Takardar harajin ce babu, na fara bi.

Jiya mun koma wurin mai zanen, ni da uwargida. Bene za a yi. Ƙasa: ɗakin Hajiya, kicin mai ƙofar baya, falon iyali, da ƙaramin falon baƙi mai ƙofarsa daban da wurin alwala, shi ne zauren nawa. Sama ɗaki huɗu. Na bi shawarar Alhaji na ƙara mita ɗaya a baya, ginin ya koma 12 da 8. Shagon da na so in saka ban ko ambata ba, Malam ya riga ya biya mini kuɗin makarantar.

Saura magana ɗaya da muka tashi ba mu warware ba. Uwargida ta ce mita huɗun bayan nan na shanya ne da girkin taro, tankin ruwa da janareta su nemi wani wuri. Mai zanen ya ce lungun hagu. To lungun hagu nan tagar Hajiya take, ita kuwa ko rediyo aka ƙure sai ta yi magana. Na dama kuma nan na yi niyyar ɗaure ragon layya. Wa ya taɓa ɗora tanki a saman matakala, kuma injiniya bai ƙara masa rodi da yawa ba?